Rukunin Jini da Tsananin Cututtukan Numfashi: Tarihin Wata Tambaya a Fagen Likitanci, 1901–2023

1.0 Gabatarwa

A watan Maris na shekarar 1920 babu likitan da zai iya faɗin abin da ya haddasa annobar murar da ta gama duniya shekara biyu kafin nan. A watan Maris na 2020 kuwa, wata uku kacal da ɓullar cutar korona a birnin Wuhan na ƙasar Sin, an riga an san ƙwayar cutar, an kuma fara baza labari cewa masu jini rukunin O sun fi sauran mutane tsira daga gare ta, masu rukunin A kuma sun fi shiga hatsari. Labarin ya yi ta yawo a jaridu da gidajen rediyo da wayoyin hannu, har mutane da yawa suka ɗauka sabon abu ne aka gano. Alhali kuwa tambayar ta daɗe a hannun masana, kuma an sha amsa ta, amsoshin suna saɓa wa juna.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin tambayar tun daga gano rukunan jini a 1901 har zuwa binciken da aka yi bayan lafawar korona. Za a ga cewa duk lokacin da annoba ta zo, alaƙar da ake hangowa da farko takan yi girma, sa'an nan ta riƙa ƙanƙancewa gwargwadon yadda aka ƙara yawan mutanen da aka bincika aka kuma gyara ma'aunin. Abin da ya rage bayan an tace ɗan kaɗan ne, kuma ya fi shafar kamuwa da cutar bisa ga tsanantarta.

Ya kamata tun da wuri a raba abubuwa biyu da jama'a kan cakuɗa. Rukunin jini, watau A da B da AB da O, daban yake da gwajin da ake yi wa masu shirin aure domin gudun haifar 'ya'ya masu amosanin jini, wanda sakamakonsa kan fito AA ko AS ko SS. Harafin A da ke cikin biyun shi ne ke kawo ruɗanin. Na farko ya shafi abin da ke bisa fatar jajayen ƙwayoyin jini, na biyu kuwa ya shafi sinadarin da ke cikinsu mai ɗaukar iska. Na farkon ne kaɗai abin nazari a nan.

2.0 Gano rukunan jini

Turawa sun fara gwada ƙarin jini tun ƙarni na 17. A 1667 wani likita a birnin Faris, Jean-Baptiste Denis, ya ɗura wa mutane jinin ɗan rago da na maraƙi, aka samu mutuwa, hukuma ta taka wa abin birki. Daga 1818 James Blundell ya riƙa ƙara wa marasa lafiya jinin ɗan Adam a Landan, musamman matan da suka zubar da jini wajen haihuwa. Wasu suka rayu, wasu suka mutu, ba tare da an san dalilin bambancin ba.

Wanda ya warware matsalar shi ne Karl Landsteiner, likita a Biyana ta ƙasar Ostiriya, wanda aka haifa a 1868 ya mutu a 1943. Ya ɗebi jininsa da na abokan aikinsa, ya ware jajayen ƙwayoyin daga ruwan jinin, ya riƙa gauraya ƙwayoyin wannan da ruwan jinin wancan. A wasu haɗe-haɗen sai ƙwayoyin su dunƙule su yi gudaji, a wasu kuma su zauna lafiya. A 1901 ya buga sakamakon, ya kasa jinin mutane gida uku, A da B da C. Shekara guda bayan haka Alfred von Decastello da Adriano Sturli suka gano na huɗu. Sunayen O da AB sun fito ne daga aikin Emil von Dungern da Ludwik Hirszfeld a 1910 da 1911, waɗanda kuma suka nuna cewa gadon rukunin ake yi daga iyaye. A 1924 Felix Bernstein ya fito da ainihin ƙa'idar gadon. An ba Landsteiner kyautar Nobel a 1930.

Bayanin abin a taƙaice shi ne, a bisa fatar jajayen ƙwayoyin jini akwai wata alama ta sukari. Mai rukunin A yana da alamar A, mai B yana da ta B, mai AB yana da duka biyun, mai O kuwa ba shi da ko ɗaya, sai tushen da ake ɗora su a kai. A cikin ruwan jinin kowane mutum kuma akwai sinadaran kariya masu far wa alamar da ba tasa ba, waɗanda za a kira makarai a wannan maƙala. Mai A yana da makarin B, mai B yana da makarin A, mai O yana da duka biyun, mai AB ba shi da ko ɗaya. Walter Morgan da Winifred Watkins a Landan, da Elvin Kabat a Amurka, su ne suka fayyace irin sukarin a shekarun 1950, sa'an nan a 1990 Fumiichiro Yamamoto da abokan aikinsa suka karanta ƙwayar gadon da ke sarrafa shi, wadda ke kan kuromosom na 9.

Akwai wani abu guda da ya sa tambayar wannan maƙala ta zama mai ma'ana. Alamomin nan ba su tsaya ga jini ba. Ana samun su a fatar da ta shimfiɗe cikin hanji da maƙogwaro da hanyoyin numfashi, kuma a wajen kimanin mutum 80 cikin 100 suna fita har cikin yawu da majina. Ke nan suna zaune a daidai ƙofar da ƙwayoyin cutar numfashi ke shiga.

3.0 Salonika da abin da ya biyo baya

A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya rundunar ƙawance ta maƙale a Salonika ta ƙasar Girka. A cikinta akwai Ingilishi da Faransawa da Sabiyawa da Rashawa da Italiyawa, da sojojin da aka kwaso daga ƙasashen da aka mallaka, irin su Indiya da Madagaska da Sanagal. Ludwik Hirszfeld da matarsa Hanna, likitoci ne tare da rundunar Sabiya, suka gwada jinin mutum wajen 8,000. Sakamakon ya fito a mujallar Lancet a 1919: rukunin A ya fi yawa a cikin mutanen yammacin Turai, B kuwa yana ƙaruwa in an nufi gabas, ya fi yawa a cikin Indiyawa.

Daidai wannan lokaci ne annobar mura ta 1918 ta kashe miliyoyin mutane a duniya, ta kuma iso ƙasar Hausa, inda dattawa suka riƙa ƙidayar shekaru da ita da sunan Marisuwa. Annobar ta wuce ba ta bar wa tambayar nan wata hujja ba, domin gwajin jini bai yaɗu ba, kuma ita kanta ƙwayar bairos mai haddasa murar ɗan Adam sai a 1933 aka ware ta a Landan.

Binciken Salonika ya haifi 'ya'ya iri biyu. Na farko tambaya ce ta ilmi: in rukunan sun bambanta daga wata al'umma zuwa wata, me ya bambanta su? Wasu masana suka yi zaton annoba ce, watau cuta takan kashe masu wani rukuni fiye da wani, a hankali rabon ya sauya. Na biyu kuwa son zuciya ne. A 1926 aka kafa ƙungiyar nazarin rukunin jini ta Jamusawa, wadda jagororinta suka nemi mai da A shaidar fifikon jinsi, B kuma shaidar ƙasƙanci. A Japan, Takeji Furukawa ya buga maƙala a 1927 yana danganta rukunin jini da halin mutum, bisa mutane ƙalilan. Ilmi ya yi watsi da wannan, amma littafin da Masahiko Nomi ya wallafa a 1971 ya farfaɗo da shi, har ya zama abin hira na yau da kullum a can. Wannan tarihi ya bar tabo, ya sa masana da yawa suka riƙa ɗari-ɗari da duk maganar da ta haɗa rukunin jini da ƙaddarar mutum.

4.0 Jini da cuta: darasin shekarun 1950

Binciken farko mai nauyi ya zo ne a 1953, sa'ad da Ian Aird da abokan aikinsa suka tattara bayanan masu ciwon dajin tumbi sama da 3,000 daga asibitocin Ingila da Sukotlan. Suka ga masu A sun fi masu O kamuwa da misalin kashi 20 cikin 100. A 1954 suka nuna cewa gyambon ciki ya fi samun masu O. Waɗannan biyu sun jure gwaji. A 2010 wani nazari a kan masu ba da jini sama da miliyan ɗaya a Suwidin da Denmak ya sake tabbatar da su.

Nasarar Aird ta buɗe ƙofa, aka yi ta tururuwa. Gwajin rukunin jini ba shi da tsada, kowane babban asibiti yana da kundinsa, don haka duk likitan da ke da marasa lafiya ɗari yana iya ƙidaya ya buga. Aka danganta rukunan da cututtuka barkatai, daga agana zuwa karayar ƙashi. Littafin da Arthur Mourant da abokan aikinsa suka fitar a 1978 ya tattara ɗimbin irin waɗannan rahotanni, da yawansu suna karo da juna. Alexander Wiener, wanda suka gano rukunin Rh tare da Landsteiner a 1940, yana cikin waɗanda suka fi sukar wannan fage, yana ganin mafi yawan abin da ake bugawa tatsuniya ce.

Sukar ta tsaya a kan abubuwa uku, kuma su ne za su yi ta dawowa a sauran tarihin. Na ɗaya, ƙarancin adadi: in mutanen da aka ƙidaya kaɗan ne, dace kawai na iya kawo bambanci. Na biyu, cakuɗuwar al'ummu: in birni yana da ƙabilu biyu, ɗaya ta fi yawan B kuma ta fi talauci da cunkoso, sai a ga cuta ta fi yawa a masu B alhali talaucin ne sanadi. Na uku, ma'auni, watau lafiyayyun da ake gwada marasa lafiya da su. Galibi akan ɗauki masu ba da jini, kuma wuraren ajiyar jini sun fi neman masu O saboda jajayen ƙwayoyinsu na shiga jikin masu sauran rukunan. In O ya yi yawa a ma'auni, dole a ga kamar ya yi ƙaranci a cikin marasa lafiya, sai a ce yana kariya. Akwai kuma na huɗu da aka fahimta daga baya, cewa wanda ya ƙidaya bai ga komai ba sau da yawa ba ya bugawa, sai sakamakon masu ganin alaƙa ya cika mujallu.

Duk da haka wasu alaƙoƙin da cututtuka masu yaɗuwa sun tabbata, kuma sun nuna cewa babu rukunin da ya fi kyau a kowane hali. Wani nazari da aka buga a 2007 a kan yara 567 a ƙasar Mali ya nuna masu O sun fi tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, domin jajayen ƙwayoyinsu ba sa yawan mannewa da juna su toshe ƙananan jijiyoyi. A Bangaladash kuwa an daɗe da ganin cewa kwalara ta fi yi wa masu O tsanani.

5.0 Mura: daga 1957 zuwa 1978

Annobar murar Asiya ta 1957 ita ce ta fara ba da damar gwada tambayar a kan cutar numfashi, domin a lokacin ana iya tabbatar da nau'in bairos a ɗakin gwaji. A 1962 J. C. McDonald da A. J. Zuckerman suka buga nazarinsu a kan sojojin saman Ingila kimanin 2,000 da aka kwantar saboda cutar numfashi. Sojoji sun dace da irin wannan aiki, tun da an san rukunin jinin kowannensu, shekarunsu kusan ɗaya ne, abinci da makwanci ma ɗaya. Abin da suka samu shi ne masu O sun fi yawa a cikin waɗanda murar Asiya ta kama, masu A sun yi ƙaranci. A cikin waɗanda wata ƙwayar dabam mai suna adenobairos ta kama kuwa, sai abin ya juye.

Ya kamata a lura da wannan sosai. Rukunin da aka yi ta yabo a 2020 shi ne wanda aka ce ya fi rauni a 1962. Nazarce-nazarcen da suka biyo baya, har da na bayan murar Hongkong ta 1968, ba su tsaya a magana ɗaya ba. Wasu sun goyi bayan sakamakon 1962, wasu sun nuna B, wasu ba su ga bambanci ba. Har ila yau kusan dukkansu kamuwa suka auna, ko yawan makaran da jiki ya yi wa ƙwayar, ba su taɓo tsananin ciwo ko mutuwa ba sai kaɗan. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 sha'awar abin ta dusashe ba tare da an yanke hukunci ba.

6.0 SARS: mutum 45 a asibiti guda

A ƙarshen 2002 wata sabuwar cutar huhu ta ɓulla a lardin Guangdong na kudancin Sin. Kafin a shawo kanta a tsakiyar 2003 ta kama mutum sama da 8,000, ta kashe 774. A watan Maris na 2003 an kwantar da wani mara lafiya a asibitin Prince of Wales na Hongkong ba a san abin da yake ɗauke da shi ba, ma'aikata suka yi ta kula da shi babu kayan kariya. Daga baya aka duba ma'aikata 45 da suka yi cuɗanya da shi. A cikin masu O su 19, mutum 11 ne suka kamu. A cikin sauran 26 kuwa, 23. An buga wannan a 2005 a matsayin gajeriyar wasiƙa a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka.

Bambancin yana da girma, amma mutum 45 a ɗaki guda ba su isa hujja ba, kuma cutar ta ɓace kafin a maimaita. Amfanin rahoton shi ne ya sa wasu masana a birnin Nant na Faransa, ƙarƙashin Jacques Le Pendu, suka nemi dalili. A 2008 suka nuna a ɗakin gwaji cewa in ƙayar da ke jikin bairos ɗin tana ɗauke da alamar A, makarin A yana hana ta kama ƙofar da take shiga ƙwayar jikin mutum. Ma'anar wannan ita ce, bairos ɗin da ya hayayyafa a jikin mai A yakan fito sanye da alamar mai gidansa, in ya faɗa jikin mai O ko mai B sai makaransu su tare shi kamar yadda za su tare baƙon jini. Wannan bayani ya zauna shekara goma sha biyu ba a waiwaye shi ba sai jefi-jefi.

7.0 Korona

7.1 Rahotannin farko

A watan Maris na 2020, watan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar duniya, Jiao Zhao da abokan aikinsa suka saki rahoto a intanet tun kafin masana su tace shi. Sun ƙidaya marasa lafiya 2,173 a asibitoci uku na Wuhan da Shenzhen. A asibitin Jinyintan, inda aka samu 1,775 daga cikinsu, masu A sun kai kashi 38 cikin 100, alhali a jama'ar gari kashi 32 ne. Masu O kuwa kashi 26, a jama'ar gari kashi 34. Daga nan labarin ya bazu.

A watan Yuni sai ga abin da ya fi wannan ƙarfi. Wata tawaga ta masana daga ƙasashen Turai, da David Ellinghaus a kan gaba cikin marubutan, ta binciki ƙwayoyin gadon mutum 1,980 da numfashinsu ya gaza a asibitoci bakwai na Italiya da Sifen. Ba rukunin jini suka je nema ba. Duk faɗin gadon mutum suka laluba, sai wurare biyu suka fito fili, ɗaya a kuromosom na 3, ɗaya a na 9, daidai mazaunin ABO. Lissafinsu ya nuna hatsarin masu A ya ɗara na sauran da kashi 45 cikin 100, na masu O kuma ya gaza da kashi 35. Sai dai galibin ma'auninsu masu ba da jini ne, watau tsohuwar matsalar shekarun 1950. Bugu da ƙari, gwada masu tsananin ciwo da lafiyayyun da ba su kamu ba ba zai iya rarrabe ko rukunin kamuwa ya shafa ko tsananta ba. Kafin a raba wannan gardama sai an gwada wanda ya kamu ya jigata da wanda ya kamu ya warke a gida.

7.2 Da adadi ya ƙaru

Bahaushe ya ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Cikin wata guda aka fara samun saɓani. A watan Yuli na 2020 nazarin asibitoci biyar na jihar Masachuset a Amurka, a kan mutum 1,289 da suka kamu, bai ga alaƙa tsakanin rukunin jini da sa wa mutum na'urar numfashi ko mutuwa ba. A wani babban asibitin birnin New York ma an ga masu A ba su kai masu O bukatar na'urar ba. A Bankuba ta Kanada kuwa, a cikin mutum 95 da ke ɗakin kulawa ta musamman, kashi 84 cikin 100 na masu A ko AB sun bukaci na'urar, a masu O ko B kashi 61.

Manyan nazarce-nazarcen su ne suka daidaita hoton. A Denmak an gwada mutum 7,422 da suka kamu da sama da miliyan biyu na jama'ar ƙasar: masu O kashi 38 ne a cikin waɗanda suka kamu, kashi 42 a jama'a, kuma babu bambanci wajen kwanciya asibiti ko mutuwa. A lardin Ontariyo na Kanada, a cikin mutum 225,556, hatsarin kamuwa ga masu O ya ragu da kashi 12 cikin 100, na tsananta ma ya ragu da kwatankwacin haka. A watan Afrilu na 2021 wani nazari a kan mutum 107,796 a jihohin Utah da Idaho da Nebada bai ga komai ba, ko a kamuwa ko a tsananta. Sa'an nan a watan Yuli na 2021 wata gamayyar masana ilmin gado ta haɗa bincike 46 daga ƙasashe 19, mai ɗauke da kusan mutum 50,000 da suka kamu da ma'auni na mutum miliyan biyu, ta buga a mujallar Nature. Mazaunin ABO ya fito sarai, amma a jerin wuraren da suka shafi kamuwa. Wurin da ya fi shafar tsananta shi ne na kuromosom na 3, wanda Hugo Zeberg da Svante Pääbo suka nuna a 2020 cewa gado ne daga mutanen Niyandatal, tsohon jinsin ɗan Adam da ya shuɗe. Kimanin rabin mutanen kudancin Asiya suna ɗauke da shi, a Turai kashi 16 cikin 100, a Afirka kuwa kusan babu.

Domin a gane girman abin, ragin kashi 12 cikin 100 yana nufin in mutum 100 marasa O sun kamu, a cikin adadi irin nasu na masu O mutum 88 ne za su kamu. A gwada wannan da shekaru: nazarin da aka yi a Ingila a 2020 a kan bayanan mutum miliyan 17 ya nuna wanda ya haura shekara 80 ya fi ɗan shekara 50 zuwa 59 hatsarin mutuwa fiye da ninki 20. Ciwon sukari da ƙiba da ciwon ƙoda duk sun fi rukunin jini nauyi. Shi ya sa likitoci ba su sa rukunin jini cikin abin da suke dubawa wajen zaɓen wanda za a kwantar ko wanda za a fara yi wa rigakafi ba.

8.0 Hanyoyin da ake bayyana alaƙar

Bayani uku ne suka fi samun karɓuwa. Na farko shi ne na makarai da aka gwada a Nant. In gaskiya ne, kariyar ba ta rataya ga rukunin wanda ya kamu kaɗai ba, har da na wanda ya harbe shi: mai O da ya sha numfashin mai A yana da makami, amma in mai O ne ya harbe shi ba shi da shi. Wannan yana iya zama dalilin saɓanin sakamako daga ƙasa zuwa ƙasa, tun da rabon rukunan ya bambanta. Na biyu shi ne cewa ƙayar bairos ɗin tana son alamar A irin wadda ke hanyar numfashi. Wata tawaga a Boston ƙarƙashin Sean Stowell ta nuna haka a ɗakin gwaji a 2021 da 2023. Waɗannan biyu kamuwa suka shafa.

Na uku ne kaɗai ya shafi tsananta. An daɗe da sanin cewa wani sinadarin daskarar da jini mai ɗauke da sunan likita von Willebrand ya fi ƙaranci a jinin masu O da misalin kashi 25 cikin 100, kuma marasa O sun fi samun gudajin jini a jijiya. Tun da korona mai tsanani tana toshe ƙananan jijiyoyin huhu da gudaji, zato ne mai tushe cewa masu O za su ɗan sami sauƙi. Amma samun dalili mai kyau a ɗakin gwaji bai zama an ga tasirinsa a gadon asibiti ba, kuma manyan ƙididdigan da aka ambata ba su hadu a kan wannan ba.

9.0 Kammalawa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓacin korona a watan Mayu na 2023. Abin da tarihin nan ya bari ana iya jera shi kamar haka. Rukunin jini yana da alaƙa ta gaskiya da wasu cututtuka, irin su ciwon dajin tumbi da gyambon ciki da zazzaɓin cizon sauro da kwalara. Game da mura, binciken 1962 da na bayansa bai tsaya a kan amsa ɗaya ba. Game da korona, masu O suna da ɗan ragi wajen kamuwa, wanda bai wuce kashi goma da 'yan kai cikin 100 ba a manyan nazarce-nazarce, amma hujjar cewa rukuni yana ƙayyade wanda zai jigata ko ya mutu tana da rauni.

Ga malami da ɗalibi, amfanin tarihin ya wuce likitanci. Kalmar jini tana da nauyi a harsuna da yawa; a Hausa ana cewa wane yana da farin jini, ko jininsu bai haɗu ba, ko abu yana cikin jininsa, duk ana nufin wani abu da mutum bai zaɓa ba kuma ba ya iya sauyawa. Labarin da ya ce harafi guda a katin asibiti yana faɗin makomar mutum yana samun kunnuwa a buɗe saboda ya dace da wannan tunani, shi ya sa rahoton Wuhan ya zagaya duniya cikin kwanaki, na Utah kuwa kaɗan ne suka ji shi. In wata annobar ta zo aka sake jin irin wannan labari, tambayoyin da masu sukar Aird da magadansa suka yi tun shekarun 1950 suna nan da amfaninsu: mutum nawa aka ƙidaya, da su wa aka gwada su, kuma kamuwa aka auna ko tsananin ciwo.